Ƙyauren da ya ƙi rufuwa

In an gama girbi, an ɗaure damman hatsi an zuba rumbu, samari da yawa na ƙasar Maraɗi da Damagaram da Tawa sukan ɗaura kaya su tafi cin rani. Wasu su nufi Yamai, wasu Kano, wasu Agadas. Amma akwai masu zama gida su nemi sana'ar hannu. Cikinsu akwai masu son aikin katako. Sana'a ce mai kasuwa, don babu gidan da ba ya bukatar ƙyaure, ko taga, ko benci. Sai dai da yawa daga cikin masu farawa ba su kai damina sai sun aje zarto. Kukansu ɗaya ne kullum: aiki ya ƙi fita daidai, kuma ba su da kuɗɗin sayen kayan aiki na kirki.

Ga misalin yadda abin yakan faru.

Wani saurayi manomi ya yi makarantar yaƙi da jahilci, ya iya karatu da lissafi. Ya saida buhun wake guda. Ran kasuwa ya sayo zarto da guduma da metir na naɗi da ma'aunin kusurwa, duka masu araha. Kawunsa ya gina ɗakin amarya, ya ba shi kuɗɗin katako, ya ce ya yi masa ƙyaure da kadir, wato katakan nan huɗu da ke kewaye bakin ƙofa. Kwana uku yana aiki gindin darbejiya. Ran da aka zo kafawa, ƙyaure ya ƙi shiga. Sama ya cije, ƙasa ya bar kafar da ɗan tsako ke wucewa. Ya sassaƙe gefe guda, sai ƙyauren ya yi kaɗan. Katako ya ɓaci, kuɗɗin kawu sun tafi, biki saura kwana goma. A dandali ba a da wani zance sai nasa.

Ya kwashi kayansa ya tafi wurin wani tsohon kafinta a garin kasuwa.

Ya ce: "Baba, kayan nan ne suka cuce ni. Da ina da irin naka, da ban ji kunya ba."

Tsohon ya karɓi zarton, ya bi haƙoransa da magagari, ya ja layi bisa guntun katako, ya yanka. Yanka ya fita sak.

Ya ce: "Ɗana, araha ba ta ado, wannan gaskiya ne. Amma kayanka sun isa yin ƙyaure. Laifinka guda: ka amince da su ba ka gwada su ba."

Abin da tsohon ya nuna masa ran nan, kowane mai koyo yana iya yin shi gida, ba tare da ya kashe dala ba.

Sassaƙa daban, aikin kafinta daban

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin icce. Masassaƙi yana ɗaukar gungumen kirya ko na ɗanya, ya fid da turmi ko akushi da gatari da gizago. Yana yin allo da ƙota da iccen aduwa. Idonsa da hannunsa su ne ma'auninsa, kuma sun ishe shi, don abin da yake yi daga icce guda yake fita. In turmi ya ɗara ɗan'uwansa da yatsa guda, babu mai damuwa.

Kafinta kuwa haɗi yake yi. Ƙyaure guda yana iya cin katako takwas, kuma dole kowane ya zauna jikin ɗan'uwansa. A nan kamu da ɗani da gaba ba su isa ba, tunda kamun dogo ya fi na gajere. Shi ya sa ake aiki da metir. Metir 1 santimetir 100 ne. Santimetir 1 milimetir 10 ne, su ne ƴan ƙananan zanen da ke tsakanin lamba da lamba. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya riga ya samu rabin sana'ar, don yana iya karanta lamba, ya rubuta ta bisa takarda kada ya manta.

Sabon kafinta yakan rena milimetir. To ga lissafi. Ƙyaure mai faɗin santimetir 80 ana haɗa shi da katako 5, kowane santimetir 16. In kowane ya rasa milimetir 2 kawai, ƙyauren ya rasa santimetir guda cur. Ta nan iska da ƙura da kunama ke shiga.

A gwada metir

Metir mai araha yakan zo da lamba gefe biyu. Gefe guda santimetir, gefe guda inci. Inci 1 ya ɗara santimetir 2 da rabi kaɗan. Mai koyo yakan auna bakin ƙofa da gefe guda, ya zo wurin katako ya karanta ɗayan gefen. Abin ya fi yawa garuruwan bakin iyaka, don katakon da ke shigowa daga Nijeriya, ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, masu saida shi can da inci da ƙafa suke kiransa. Katako mai ƙafa 12 tsawonsa metir 3 da santimetir 66 ne. Yana ba da guda biyu na santimetir 180, ya bar ɗan saura, in bakunansa ba su tsage ba. Mai saye ya tafi da metir nasa, ya auna tsawo da faɗi da kauri da kansa, don sunan katako da girmansa ba kullum suke zuwa ɗaya ba.

Akwai ɗan ƙugiya a bakin metir, yana motsi kaɗan. Wasu suna tsammanin lalacewa ce, su buga shi da guduma ya tsaya. Kuskure ne. Da gangan aka bar shi yana motsi daidai kaurinsa, don awo ya zo ɗaya ko an saƙala shi ko an dafa shi jikin bango. Amma in ya lanƙwashe, ko ya yi sako-sako da yawa, sai a fara awo daga lamba 10, a cire 10 daga abin da aka karanta.

Metir biyu masu araha ba lalle su yarda da juna ba. Saboda haka da metir guda ake fara aiki, da shi ake gamawa. Abin da ya fi wannan ma shi ne sandar awo. A samu siririn icce miƙaƙƙe, a kai shi bakin ƙofa, a zana masa tsawo da faɗi. Daga jikinsa za a riƙa ɗaukar awo ana sa wa kowane katako. Sanda ba ta da inci, ba ta da ƙugiya.

A gwada ma'aunin kusurwa

Nan ne saurayin nan ya faɗi. Ma'aunin da ya sayo karkatacce ne tun daga kasuwa. In ma'auni ya kauce da milimetir 1 cikin santimetir 20, to cikin faɗin ƙyaure ya kauce da milimetir 4, cikin tsawon santimetir 180 kuwa da milimetir 9.

Gwajin ba shi da wuya. A samu katako mai miƙaƙƙen gefe. A dafa ma'aunin jikin gefen, a ja layi. A kifa ma'aunin ta ɗayan hannun, a sake jan layi daga wuri guda. In layukan biyu sun hau juna, ma'aunin na da gaskiya. In sun rabu, ƙarya gare shi. Wannan gwajin ana iya yin shi tun gaban mai tebur, kafin a biya kuɗɗi.

Wanda ba shi da ma'auni ko kaɗan yana iya yin abinsa da lissafin da magina ke fid da kusurwar ɗaki da shi, wato 3 da 4 da 5. A haɗa bakin katako biyu miƙaƙƙu. Daga mahaɗa a auna santimetir 30 bisa na farko, a sa alama. A auna santimetir 40 bisa na biyu, a sa alama. A riƙa buɗawa ko matsewa har tsakanin alamun biyu ya zama santimetir 50 daidai. Sai a gicciya katako na uku a kafe da ƙusa. An samu ma'auni. Don babban aiki a yi da 60 da 80 da 100.

In an haɗa kadir, kafin a gama bugun ƙusa, a auna shi a gicciye: daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sannan daga ta sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama. Dole awon biyu su zo ɗaya. A kadir mai santimetir 80 da 180 daga ciki, kowane zai ba da santimetir 197. In ɗaya ya fi tsawo, a tura wannan kusurwar ciki har su daidaita. Sannan a buga siririn katako a gicciye ya riƙe shi, kada a cire sai magini ya gama kafawa. Wurin kafawa a rataya dutse da zare jikin kadir. Zaren zai nuna ko yana tsaye ko ya kwanta.

Zarto ma yana cin nasa rabo

Garin katakon da ke zuba ƙasa lokacin yanka daga jikin katakon yake fita. Kowane yanka yana cinye wajen milimetir 1 zuwa 2. Mai koyo yakan zana guda huɗu a jere, ya bi tsakiyar layi da zarto, sai ya tarar duk sun gaza. Hanyar ita ce a zana guda, a yanka, sannan a zana na gaba. Zarto ya bi ta gefen abin da za a yar, layin ya zauna jikin abin da ake so. Katakon da ya yi tsawo ana rage shi. Wanda ya gaza ba shi da magani.

Fensir ma a fiƙe shi. Layin fensir mai kaurin baki ya kai milimetir guda shi kaɗai. Bakin wuƙa ya fi shi. A kewaya layin har gefen katako, don ido ya ga ko zarto na sauka a tsaye. Dogon layi kuwa zare ke fid da shi: a shafa masa garin gawayi, a ja shi ya miƙe, a ɗaga tsakiya a saki.

Katakon da ke rawa ba ya yankuwa daidai. Wanda ba shi da ƙarfen matsi ya kafa guntayen katako biyu bisa benci, ya sa aikin tsakani, ya cusa ɗan icce mai tsini ya matse. Robar cikin tayar keke ko ta babur tana ɗaure ƙananan haɗi. Igiya riɓi biyu da ɗan sanda ana murɗawa tana jawo katakan ƙyaure su manne da juna.

Wasa baki ya fi sayen sabo

Manomi ya san hauyar da ba a kai wa maƙeri ba gajiya kawai take kawowa. Haka zarto. Mai dakusasshen zarto yana dannawa da ƙarfi, ruwan zarton ya lanƙwashe ya bar layi. Nan kuma ake yanke hannu.

Ana wasa zarto da ɗan magagari mai gefe uku. A matse ruwan tsakanin katako biyu, haƙora kaɗai a waje. Kowane haƙori a ba shi guga biyu ko uku, yawan da aka ba na farko shi za a ba na ƙarshe. In an duba zarto ta baki za a ga haƙori guda ya karkata dama, na biye hagu. Wannan ke buɗa masa hanya kada ya maƙale. In na gefe guda sun fi karkata, zarto zai riƙa janyewa wajen. Amma a lura tun kasuwa: akwai zarton da bakin haƙoransa baƙi ne ko shuɗi. An ƙona su sun yi tauri, magagari ba ya kama su. In sun dakushe, zarton ya gama aiki. Mai ƙaramin ƙarfi ya zaɓi wanda ke wasuwa. In zarto na cijewa, a shafa masa kyandir ko busasshen sabulu.

Kurfi, wato ƙarfen da ake fafe rami cikin katako da shi, da ruwan makankari, wanda ake cewa rabo da faransanci, su dutse ke wasa su, da ɗan ruwa ko mai. Gefe guda kaɗai ake kwantar wa baki. Tsawon kwancin ya kai kaurin ƙarfen sau biyu ko ya ɗara kaɗan. Bayan ƙarfen kuwa shimfiɗe ake goga shi bisa dutse, ba a ɗaga shi. In baki ya yi, zai fere kan katako ba tare da ya farfasa shi ba.

Maƙerin gari babban abokin sabon kafinta ne. Da tsohon magagari, ko guntun ƙarfen sifirin na mota, yana ƙera kurfin da ya fi na tebur riƙe baki.

Icce yana motsi

Wani lokaci awo daidai ne, yanka daidai ne, amma bayan wata guda aiki ya buɗe. Icce ne ya motsa. Ɗanyen katako in yana bushewa faɗinsa na raguwa, tsawonsa kuwa kusan ba ya sakewa. Iskar hunturu tana tsotse shi. Raɓar damina tana kumbura shi. Ƙyauren da aka yi cif-cif cikin watan Maris zai cije cikin watan Agusta. Don haka mai aiki da rani ya bar milimetir 3 zuwa 5 tsakanin ƙyaure da kadir.

Sabon katako a jera shi cikin inuwa, nesa da ƙasa. A sa ƴan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin katako da katako don iska ta ratsa, a ɗora duwatsu bisa. In an jingina shi rana zai murɗe. Mai son sanin ko ya bushe ya riƙa auna nauyin guntu guda kowane mako a sikelin kasuwa. Ran da nauyi ya daina raguwa, ya bushe.

Farin katakon da ake kira samba, wanda mutanen Gana ke cewa wawa, ba shi da nauyi, yana da daɗin yanka, ya dace da mai koyo. Amma gara da ƙwari na son shi, kada ya taɓa ƙasa. Jan katako ya fi ƙarfi da tsada. Cikin itatuwan gida, darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko bedi, danginsu ɗaya da maɗaci, kuma ƙwari ba su cika damunta ba. Ita aka fara dasawa layi-layi a kwarin Majiya, ƙasar Buza, cikin shekarar 1975, don tare iska, daga baya mutanen wurin suka samu itacen gini daga rassanta. Kafin a sare icce a nemi iznin ma'aikatan gandun daji, don dokar gandun daji ta shekarar 2004 ta kare wasu itatuwa.

Ƙusa ma tana da hanya. In za a buga ta kusa da bakin katako, a dakusa tsininta da guduma tukuna, ba za ta tsaga ba. Kada a jera ƙusoshi bisa jijiya guda. Katako mai tauri a huda shi kafin bugu. Bayan ƙyaure ana sa katako biyu a kwance, sama da ƙasa, da guda a gicciye. Na gicciyen ya tashi daga ƙasa, gefen da aka rataye ƙyauren, ya hau zuwa sama, gefen kuba. In an juya shi, bakin ƙyaure zai sauka ya riƙa sharar ƙasa.

Me za a fara saye?

Metir da zarto mai wasuwa da guduma da magagari da dutsen washi sun isa farawa. Kurfi ya biyo baya, sannan makankari, in aiki ya fara kawo kuɗɗi. Tsohon ƙarfe mai tsatsa a hannun ƴan gwanjo sau da yawa ya fi sabo mai ƙyalli. Samari uku ko huɗu na gari guda suna iya yin adashi su sayi makankari guda, su riƙa karɓa-karɓa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: kafin a karɓi kuɗɗin mutum, a koya da guntaye. A yi akwatin kaji, a yi ɗan benci, a yi murfin rumbu. Wanda ya ja layi 20 ya bi su da zarto, hannunsa zai faɗa masa abin da baki ba ya iya faɗi.

Saurayin nan ya koma gida da zarto mai kaifi da ma'aunin da ya haɗa da hannunsa. Ya je ya durƙusa gaban kawunsa.

Ya ce: "Kawu, a yi mini haƙuri. Katako biyu kaɗai za a ƙaro, ni zan biya. Sauran suna da gyara."

Kawun ya ce: "Tashi, yaro. In ya rufu ran biki, magana ta ƙare."

Ya ɓamɓare ƙusoshi ya miƙe su. Ya yi sandar awo. Ya auna gicciye biyu har suka zo ɗaya. Katakan da suka gaza ya haɗa su ya yi tagar ɗakin. Ana saura kwana biyu aka kafa ƙyaure, ya rufu da turin yatsa guda. Da damina ta yi tsakiya ya kumbura kamar yadda aka faɗa masa, amma milimetir 4 ɗin da ya bari sun ishe shi. Kafin kaka, maƙwabcin kawun ya aiko a zo a auna bakin ƙofar garkarsa.

Masu karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci suna iya gwada lissafin 30 da 40 da 50 tun yau, da kara uku da metir guda. Wanda ya iya ya nuna wa wanda bai iya ba. Allah ya sa wa sana'a albarka.